Awon kan Inna

Yau a wani asibiti nan Garwa na riƙe hannun Inna ana warware mata kitso, don a manna mata wayoyin gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa. Kafin ma'aikaciyar ta manna ko ɗaya, sai da ta ɗauko tef ta auna daga karan hanci zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, tana ɗiga alama. Inna, wadda kwanan nan da sunan marigayi babana take kirana, ta ɗago kai ta ce, "'Yar nan, hula za ki ɗinka mini?" Ta ce, "A'a Hajiya, so nake awonki ya zo daidai da na kowa."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Tsarin 10-20 ake kiran awon, da shi ake aiki ko'ina. Mai cutar mantuwa ta Alzheimer, bugun lantarkin ƙwaƙwalwarsa na rage sauri, amma injuna sun bambanta, ga wutar lantarki da ke barin ƙara a cikin rikodin, tamu tana juyi 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. In masu binciken da ke haɗa bayanan gwajin daga ƙasashe daban-daban ba su daidaita waɗannan ba, sai kwamfuta ta ɗauki bambancin inji a matsayin ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 60 cikin 100 na masu cutar mantuwa suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki. Wallahi ina so tsofaffinmu su shiga cikin bayanan da ake haɗawa, a riƙa kwatanta Inna da ire-irenta.