Yau muka manna bututu a bangon falo

Laraba, da dare.

Yanzu na shigo, ƙurar tsohuwar filasta har cikin hancina, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta. Yau ne aka manna bututun ruwan sanyi a bangon falon gidan Baba, Allah ya jiƙan shi, kuma tun da safe gabana ke faɗuwa saboda maganar da Yaya ya yi min jiya a waya, wai bangon zai riƙa gumi in lalata gidan da hannuna.

Ni dai tun farko ban so esi ba. Silin ɗin gidan ƙasa-ƙasa ne, babu inda za a bi da manyan hanyoyin iska sai an yi ta fashe-fashe, ga ƙara, ga shi in iskar ta buge ni kai tsaye sai mura. Wannan kuwa filasta kawai aka kankare, aka kawo wata aba kamar tabarma ta siraran bututun roba, kaurin kowanne wajen milimita 3 zuwa 4, a ɗaure a bango a mayar da filasta a kai shikenan, in ka shigo ba za ka ga komai ba. Ruwa mai sanyi na zagayawa ciki, bangon ya yi sanyi ya riƙa zuƙe zafin jikinka da na kayan ɗaki. Ka san yadda kake jin hucin bangon da rana ta daka ko ba ka taɓa shi ba? To haka ne, amma a juye. Kuma zafin da ruwa lita ɗaya zai kwashe sai iska ta kai lita 3,500 ko kusa da haka, shi ya sa ɗan siririn bututu ya isa.

Da injiniya ya iso ban ko bari ya ajiye jaka ba na ce, Injiniya don Allah gaya min gaskiya, bangon nan zai yi gumi ko ba zai yi ba? Ya ce in an yi sakaci zai yi mana. Ya ce in tuna kwalbar ruwa in an fito da ita daga firij, ai ba yoyo take ba, danshin da ke cikin iska ne ke zama raɓa a jikinta. Ya lissafa min a bayan takarda: ɗaki na digiri 26, danshi kashi 50, raɓa na farawa wajen digiri 15, amma in danshin ya kai kashi 70 to tun daga digiri 20 za ta fara. Don haka ruwan ba mai ƙanƙara ba ne sam, tsakanin digiri 16 zuwa 20 ake barin shi, kuma akwai 'yar na'ura mai auna danshi da za ta rage sanyin ruwan ko ta tsayar da shi kafin a kai can. Abin da bai ɓoye min ba, kuma na ji daɗin hakan wallahi, shi ne bango ba ya cire danshi daga iska kamar esi, dole a haɗa da na'urar shigo da iska mai rage danshin. Ashe Yaya na da gaskiyarsa.

Wani abin da ya ɗan sosa min rai, kabad ɗin Baba dole ya bar wurinsa, don duk abin da ya tare bangon ya tare sanyin. Murabba'in mita ɗaya na bango wajen wat 8 na zafi yake kwashewa a kan kowane digiri na bambanci, wato bango na 20 ɗaki na 26 bai kai wat 50 ba, ka ga kuwa ana bukatar fili sosai. Bangunan ciki muka zaɓa, na waje rana na dukansa, sai an sa masa abin tare zafi tukuna in ba haka ba sanyin zai tsere waje.

Bayan la'asar aka cika bututun da ruwa aka matsa don gwaji, wani haɗi ɗaya a kusurwa ya fara ɗiga, mai aikin ya sake shi nan take. Na bi bangon kaf da waya ina ɗaukar hoto, tef ɗin awo a jiki, saboda ranar da wani zai zo buga ƙusa.

An bar ruwan a matse zai kwana haka, in allurar ma'aunin matsin ruwan ba ta sauka ba gobe magini zai fara filasta. Na tura wa Yaya hoton lissafin nan na bayan takarda, ya ce zai zo da safe ya gani da idonsa.