Laraba, usur daya ya bata min yini

Tun safe raina a dagule yake, kuma ba komai ya jawo ba sai wasan kwandon kwalejin Amurka da na kalla bayan asuba. Su can da dare suke bugawa, mu nan sai dai maimaici a waya, haka na yi ina shan koko. Ana dab da tashi yaro ya keto ta tsakiya, ya riga ya dasa kafa zai tashi sama sai wani ya sulalo daga gefe ya shige karkashinsa suka zube tare. Rafali ya busa ya nuna daya bangaren, wai caji, wato laifin mai kwallo ne don ya banke mai tsaro. Fawul dinsa na biyar kenan, a kwaleji kuwa biyar ka fita, ba shida ba irin na NBA, gasar kwararrun Amurka. Yaron ya koma benci ya lullube kai da tawul.

Shago ba laifi. Wuta ta zo da hantsi ta dauke kafin la'asar.

Da Yaya Sani ya leko na mika masa wayar na ce Yaya don Allah kalli wannan ka fada min gaskiya. Sau daya ya kalla ya ce caji ne mana, mai tsaro ya ba da kirjinsa me kake so kuma. Shi dama mai goyon bayan jami'ar Duke ne tun zamanin Shane Battier da suka ci kofi a 2001, a wurinsa duk wanda ya tsaya kato ya banke shi ya gama jarumta. Ya kawo min Jaylin Williams na jami'ar Arkansas da ya tsaya aka banke shi aka busa caji sau sama da 50 a kakar da ta kare a 2022, ya ce in ka hana wannan to me ka bar wa mai tsaro, ya kauce ya ba da hanya kenan?

Na ce Yaya ni ban raina mai tsayawa ba wallahi, wanda ya riga zuwa wuri ya kafa kafafunsa biyu yana fuskantar mai kwallo wurin nasa ne, ko ya dan ja baya ko ya matsa gefe bayan haka yana kan daidai, mutane ne kawai suke dauka sai ya kame kamar gunki. Abin da ke kona min rai shi ne mai zuwa a makare. NCAA, hukumar wasannin kwalejin, da kanta ta gyara dokar a 2023, yanzu sai ka riga ka tsaya kafin mai kwallo ya dasa kafar da zai tashi da ita, ba irin da ba da ake cewa in dai bai bar kasa ba shikenan. Ga rabin da'irar nan ta gindin kwando, da tazarar kafa uku aka fara a 2011 aka mai da ita hudu a 2015, mai tsaron da ya kawo dauki in yana cikinta ko an banke shi ba a busa caji. Masu zubewa da gangan ma tun 2022 teknikal ake ba su, wato fawul na ladabtarwa, ba gargadi. Duk an yi wannan ne don a daina shiga karkashin mutum yana sama, to in rafali ya ga faduwa mai kara ya ba da caji ina amfanin gyaran?

Ya yi shiru, can ya ce kai kana tsayar da bidiyo kana mayarwa baya, shi kuma cikin kiftawar ido zai duba kafar wannan da kafafun wancan da layi, ga ihun dalibai a kunnensa. Wannan gaskiya ne na yarda. Sai dai na ce masa in abu ya rikice gara a busa bulokin, wato laifin mai tsaro, don wanda ke kasa ya san zai fadi ya shirya bayansa, na sama kuwa bai san ta inda zai sauko ba. Bai yarda ba. Ya dauki hularsa ya ce sai da yamma.

Bayan ya tafi ne Abba ya fado min a rai. Ranar da aka shige karkashinsa a fili ina kusa, na ji karar wuyan hannunsa da ya dafa siminti, har yau da hagu yake daga bokiti kuma ya daina zuwa kusa da kwando, daga nesa kawai yake jefawa, yaron da babu wanda ya kai shi tsalle a cikinmu. Wanda ya shige masa kuwa ya tashi yana buga kirji ana tafa masa.

Umma ta yi dambu, kadan na ci.

Na tura wa 'yan fili sako a WhatsApp cewa ranar Asabar duk wanda ya shiga karkashin wani yana sama zan tsayar da wasan, kwallo ta koma hannun wanda aka kayar. Mutum biyu sun ce toh, Nura ya ce ba haka aka saba ba, na ce masa mu hadu da wuri kafin a fara mu yi magana.