Yadda ake neman sunan ɗan manomin da bai dawo daga yaƙin Bama ba

A ƙauyuka da dama na ƙasar Kano, Zazzau da Bauchi akwai gidan da har yau ake cewa "ƙanin kakanmu ya tafi yaƙin Bama, shi ke nan." Babu kabari, babu takarda. Amma sau da yawa sunansa na nan a rubuce, sai dai ba yadda gida suka san shi ba.

Bama ita ce ƙasar Burma, wato Myanmar ta yau, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu runduna biyu ta Afirka ta Yamma Birtaniya ta kai can. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a 1944, ta 82 kuma ta bi yankin Arakan, aka ƙwace garin Myohaung daga hannun Japan a Janairun 1945. Shi ya sa ake da barikin Myohaung da na Arakan a Legas, da na Dalet (shi ma wani wuri ne a Arakan) a Kaduna. Da yawa daga cikin samarin ba bindiga aka ba su ba, dako suka yi a ka cikin kurmin da mota ba ta shiga, kuma zazzaɓi da atuni sun kashe wasu tun kafin harsashi ya same su.

Wurin dubawa shi ne shafin intanet na Commonwealth War Graves Commission, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen Commonwealth, kyauta ne. Ta adana sunayen waɗanda suka rasu daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Wanda ba a ga gawarsa ba, galibi sunansa na jikin bangon tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon (Rangoon a da), inda aka sassaƙa sunaye kusan 27,000.

Inda ake ɓata kuwa wajen suna ne. Akawun soja ba ya tambayar sunan uba. Sunan yanka yake rubutawa, ya liƙa masa garin da aka ɗauke shi ko ƙabilarsa. Yaron wani ƙauye a ƙasar Gaya sai ya zama "Kano" kawai. Ga kuma rubutun Bature: Audu ya koma Awudu, Garba ya koma Garuba, Amadu da Ahmadu, Mamman da Momo. Don haka a gwada kowane salo, a haɗa da sunan babban gari, ba na ƙauye ba. In a gida da laƙabi kawai aka san shi, irin su Tanko ko Ɗanlami, a tambayi tsofaffin mata sunan yankan, su ne ba sa mantawa.

Idan sunaye iri ɗaya suka fito rututu, lambar soja ce ke raba gardama. A duba tsohuwar adaka ko akwai wasiƙa ko takardar biyan haƙƙi. Lambar yabo ta Burma Star ba ta cika taimakawa ba, domin yawancinsu ba a zana suna a jiki ba. In babu komai, a bi ta shekarar da hakimi ya tara samari da sunan wanda suka tafi tare ya dawo, a gwada da ranar rasuwar da bataliyar da aka rubuta.