Cin abincin dare a wani lungu na Kunitachi

Mutanen da ke cika titunan Shinjuku da Shibuya, manyan unguwannin tsakiyar birnin Tokyo na ƙasar Japan, da rana, galibinsu ba a can suke kwana ba. Da an tashi daga aiki sai su yi dafifi a jiragen ƙasa su nufi unguwannin bayan gari, kuma a waɗannan unguwanni ne ake samun irin gidan abincin da nake son yin magana a kansa, wanda masu yawon buɗe ido ba sa zuwa, shi ma bai damu da su zo ba. Wanda na saba da shi yana Kunitachi, wani ƙaramin gari mai mutum kimanin 76,000 a yammacin Tokyo, tafiyar kusan minti 40 daga Shinjuku a jirgin layin Chuo. Ba zan ambaci sunansa ba, domin kujerunsa kaɗan ne, kuma dattijon da ke da shi da uwargidansa ba su nemi kowa ya tallata su ba.

Natsuwar da ake samu a cikin gidan daga garin ta samo asali. A shekarun 1920 ne kamfanin wani attajiri mai suna Tsutsumi Yasujiro ya sayi dajin da ke wurin, ya yanka shi filaye da niyyar kafa garin ilimi. An buɗe tashar jirgin ƙasa a 1926, jami'ar kasuwanci ta Tokyo kuma, wadda girgizar ƙasar 1923 ta lalata mata gine-gine a tsakiyar birni, ta ƙaura zuwa nan. Ita ce yanzu ake kira Jami'ar Hitotsubashi. Daga bakin tasha wani faffaɗan titi ya miƙe sambal zuwa kudu, itatuwan sakura da na ginko sun yi jeri dama da hagu. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, sansanin sojojin saman Amurka da ke Tachikawa, tasha ta gaba, ya cika maƙil, mashaya da otal-otal na badala suka fara malalowa zuwa Kunitachi. Matan aure da ɗalibai da malaman jami'a suka tashi tsaye, har a 1952 hukumomi suka ayyana yankin a matsayin unguwar ilimi, inda doka ta taƙaita buɗe gidajen rawa da ire-irensu. Har gobe wannan tsari yana aiki, shi ya sa da ƙarfe takwas na dare, idan mutum ya bar babban titi ya shiga lungu, ba abin da zai ji sai ƙarar keke da takun masu komawa gida.

A ɗaya daga cikin waɗannan lunguna gidan yake, a ƙasan wani ƙaramin bene da masu shi ke kwana a samansa. Babu allon talla mai walƙiya. Alamar da ke nuna an buɗe ita ce gajeren shuɗin labule da ake ratayawa a bakin ƙofa, wanda suke kira noren. Idan ba ka gan shi ba, to ko dai lokaci bai yi ba, ko kuwa an tashi. Ƙofar ta katako ce da ake turawa gefe. A ciki akwai doguwar kanta ta farin katako da 'yan kujeru a gabanta, sai tebura biyu a jikin bango. Maigidan yana bayan kanta, yana yanka yana gashi a gaban idon kowa, uwargidan kuma ita ce mai kai da kawowa. Da zarar ka zauna za ta miƙo maka ɗan tawul mai ɗumi na goge hannu, sannan ta ajiye ɗan ƙaramin kwano ɗauke da abin taɓawa da ba ka nema ba. Wannan shi ne otoshi, kuma ba kyauta ba ne, kuɗin zama ne na yen 300 zuwa 500 a yawancin wurare, wanda za ka gani a lissafi. Baƙi da yawa suna ɗaukarsa a matsayin cuta, amma a ƙasar da ba a bayar da tukuici, wadda ma'aikaci zai iya biyo ka har waje da canjin da ka bari a kan tebur, ban ga abin ƙorafi a ciki ba.

Shirun wurin yakan ɗaure wa Bahaushe kai da farko. Mu da muka tashi inda gaisuwa ke cin lokaci, a tambayi iyali da gajiya da kwanan gida, sai mu ga an yi mana maraba da kalma ɗaya an koma bakin aiki, har mu yi zaton ba a yi murna da zuwanmu ba. Babu talabijin, kuma wanda wayarsa ta yi ƙara yakan fita waje ya amsa. Masu zama a kanta yawanci 'yan unguwa ne da suka shekara suna zuwa: dattijon da ya yi ritaya yana juya jaridar yamma, ma'aikaciya ita kaɗai da jakarta a ƙarƙashin kujera, miji da mata da ba sa magana sai jefi-jefi. Cin abinci kai kaɗai ba abin kunya ba ne a nan, kantar ma don haka aka yi ta. Tun watan Afrilun 2020 da dokar taƙaita shan taba a gidajen abinci ta fara aiki, hayaƙin da a da yake turnuƙe irin waɗannan wurare ya ragu ƙwarai, ko da yake dokar ta bar wa ƙananan gidaje da iyali ke gudanarwa zaɓi, wannan gida kuma ya zaɓi hanawa. Kulawa da baƙo tana nan, sai dai a aikace ake nuna ta: kofin shayinka ba zai ƙare ba sai an ƙara, abin da ka faɗa sau ɗaya game da cimarka kuwa ba sai ka maimaita shi ba.

Wannan ne ya sa na fifita irin wannan gida a kan manyan gidajen abinci masu rassa ɗaruruwa, domin a matsayina na Musulmi ina iya tambayar wanda ya dafa abincin da hannunsa. Matsalar abincin Japan ba naman alade kaɗai ba ce, wanda aƙalla ido kan gan shi sau da yawa. Babbar matsalar ita ce barasar da ke ɓoye a cikin girki. Akwai mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake yi da shinkafa, wanda barasar da ke cikinsa ta kai kusan kashi 14 cikin 100, akwai kuma sake, giyar shinkafa, da ake zubawa a kusan duk kifi ko kayan lambun da aka dafa da romo don kashe ƙarni da ƙara armashi. A babban gidan abinci an riga an haɗa kayan miya tun daga masana'anta, yaron da ke kawo abinci kuma ɗalibi ne mai aikin 'yan sa'o'i, bai san abin da ke cikin leda ba, iyakarsa ya ba ka haƙuri. A nan kuwa tukunya tana gabanka, mai ita yana tsaye. Ranar da na bayyana masa abin da ba na ci, bai ja magana ba, ya ɗaga kai ya bi allon abincin ranar da ido, ya nuna mini waɗanda babu komai a cikinsu sai gishiri, sannan ya faɗa mini gaskiya cewa dafaffen kifin da ya fi alfahari da shi ba zai yiwu ba, domin idan aka cire sake da mirin ya tashi daga abin da yake. Na fi ganin girmansa da wannan amsa fiye da a ce ya ɗauki alkawarin da ba zai cika ba. Amma kada wani ya fahimce ni baibai: gidan ba shi da takardar shaidar halal, ana sayar da giya a cikinsa, kuma game da 'yar barasar da ke samuwa a shoyu, baƙin ruwan ɗanɗano na waken suya, yayin da yake tsima, malamai sun yi bayanai mabambanta. Kowa sai ya tsaya inda zuciyarsa ta natsu.

Abin da ya rage wa mutum bayan an cire waɗannan ba kaɗan ba ne. Akwai awara, wadda a wannan gida ba a soya ta, da sanyinta ake ci, an barbaɗa mata lawashi da gurzajjiyar ɗanyar citta. Akwai kayan lambu da aka jiƙa a gishiri, da farar shinkafa, da miyar miso, wani tsimammen waken suya da ke yi wa girkinsu aikin da daddawa ke yi wa namu. Tushen miyar shi ne dashi, romon da maigidan ke haɗawa kullum kafin a buɗe, da busasshen ganyen teku mai suna kombu da busasshen kifin da aka fere siriri-siriri. Wannan romo yana da alaƙa da kicin ɗin kowace Bahaushiya fiye da yadda ake tsammani. A 1908 wani masanin kimiyyar sinadarai na Jami'ar Tokyo, Ikeda Kikunae, ya binciki abin da ke sa romon kombu daɗi, ya ware sinadarin, a shekara mai zuwa aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wato farin magin da ake ƙullawa a leda a kasuwanninmu. Wanda ya kurɓi romon asali zai gane ɗanɗanon nan take, sai dai a nan a hankali yake zuwa, ba ya dukan harshe.

Gasasshen kifi shi ne abin da ke kai ni. Allon abincin yana sauyawa da yanayi, domin a girkin Japan, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2013, cin abu a lokacinsa ba ƙaramar magana ba ce. Da kaka sai sanma, wani siririn kifi mai sheƙi kamar azurfa. Maigidan yakan barbaɗa masa gishiri daga nesa don ya bazu daidai, ya bar shi ya ɗan tsane, sannan ya ɗora a wuta da kansa da kayan cikinsa, har fatar ta kumbura ta fara tsagewa, mai yana ɗiga yana tartsatsi. Ana kawo shi a doguwar tasa da gurzajjen daikon, wani farin tushe mai ɗan yaji da ke yanke maiƙo, da ɓarin ɗan koren lemun tsami. Da tsinke biyu ake ɓare naman daga ƙaya, tun daga kai zuwa wutsiya, kuma ba a soka tsinkayen a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake yi wa mamaci. A da sanma abincin talaka ne, amma kamun masuntan Japan da ya wuce tan 200,000 a shekara a farkon ƙarnin nan ya faɗi ƙasa da tan 20,000 a 2022, abin da masana ke dangantawa da ɗumamar ruwan teku da yawan jiragen ƙasashe da ke kamunsa tun bai iso gaɓar Japan ba. A irin waɗannan shekaru maigidan yakan ƙi sayen kifin idan ya ga ya rame, ya gwammace ya share sunansa daga allo.

Shinkafa ma ta shiga sahu. A lokacin zafi na 2024 ta yi ƙaranci a kantuna, zuwa 2025 farashin buhu mai kilo 5 ya haura yen 4,000, kusan ninki biyu na shekarar da ta gabata, har gwamnati ta buɗe rumbunanta na ko-ta-kwana. Ministan noma Eto Taku ya rasa kujerarsa a watan Mayun 2025 bayan ya faɗa a bainar jama'a cewa shi bai taɓa sayen shinkafa ba, magoya baya ne ke kawo masa. Babban kamfani yana iya sayen shinkafar waje ya haɗa da ta gida, amma gidan da 'yan unguwa suka san ɗanɗanon shinkafarsa ba shi da wannan mafita. Abin da uwargidan ta yi shi ne ta daina ƙarin kwano na biyu kyauta, ta rubuta sanarwa da hannu ta manna a bango tana ba da haƙuri, alhali kowa ya san ba laifinta ba ne. Kamfanin bincike na Teikoku Databank ya ƙirga gidajen abinci 894 da suka durƙushe a 2024, adadi mafi yawa da ya taɓa gani zuwa lokacin, wannan kuwa ban da waɗanda suka rufe salin-alin saboda tsufa, a ƙasar da kusan kashi 29 cikin 100 na jama'arta sun kai shekara 65 ko fiye. 'Ya'yan masu wannan gida suna aikin ofis a cikin birni, babu wanda ya koyi sana'ar, kuma tuni iyayen suka ƙara ranar hutu ɗaya a mako.

Wanda ya samu kansa a irin wannan unguwa ya riƙe tsabar kuɗi, domin ƙananan gidaje da yawa ba sa karɓar kati, ya kuma isa da wuri, don kifin da aka sayo na ranar ne, idan ya ƙare ya ƙare. Kada a je da gayya. Mutum biyu sun isa, uku sun fara yawa. Harajin da gwamnati ke karɓa kan abincin da aka ci a gidan abinci kashi 10 ne cikin 100 tun watan Oktoban 2019, ni kuma da kifi da awara da shinkafa da miya da kuɗin zama, abin da nake biya bai cika wuce yen 3,000 ba.