Wasiƙa daga Tulsa: sanyi da faifan J.J. Cale

'Yan uwa, salamu alaikum. Ina nan lafiya, a gaida min kowa.

Kun ishe ni da tambaya a WhatsApp, wai me nake saurara a Amurka, ko na koma jin kiɗan ihu? Wasu kuma labarin abinci da takardun zama suke so. Bari in fara da abin da ya zaunar da ni a ɗaki.

Sanyi ne. Kafin in taho an ce min Oklahoma, jihar da Tulsa take, ai kudu ce, ba ruwanta da sanyi. Wanda ya faɗa, Allah ya yafe masa. Iskar nan ta fili take tahowa, ba abin da ke tare ta, sai ka ji ta zura ta wuyan riga. Ran nan na fito da safe na tarar ƙanƙara ta liƙe gilashin mota, na tsaya kankarewa da katin banki har yatsuna suka sandare. Hunturun Kano da muke hura gawayi muna ƙorafi, wallahi wasan yara ne.

A irin wannan dare ne wani dattijo maƙwabcina ya ara min Naturally, faifan farko na mawaƙi J.J. Cale, wanda a garin nan ya tashi. Ya fito a ƙarshen 1971, waƙa 12, duka rabin awa da ɗoriya. Jin farko na ɗauka na'urar ce ta samu matsala, don muryar can ƙasa take, kamar mai gudun kada ya tashi jariri. Ashe haka ya so. Jitar ba ta gaggawa, kiɗan tafiyar raƙumi yake. A "Call Me the Breeze" ma inji ne ke buga gangar. "After Midnight" kuwa, mawaƙin Ingila Eric Clapton ya yi ta da zafi a 1970 ta yi suna, Cale mai ita ya sake ta a sanyaye, tasa ce ta fi kwanta min. Aibinsa ɗaya, kana fara jin daɗin waƙa sai ta ƙare.

Ya tuna min kuntigin Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya tal amma ba ka rasa komai ba. Ƙannena masu shiga situdiyo, ku ɗan gwada rage kayan kiɗan nan, a ji abin da kuke faɗa.

Zancen takardu ku bar shi, kada jinina ya hau. Abinci sai wani jiƙon, amma na samu kuɓewa. Su soya ta suke yi.