Ƙanena yana tsare a Amurka

Ƙanena yana gidan yarin gunduma a nan Amurka. Ba a yanke masa hukunci ba, jiran shari'a yake. Kuɗin belin ya fi ƙarfinmu, masu sana'ar tsaya wa mutum beli kuwa kashi 10 cikin 100 na kuɗin belin suke karɓa, ko kotu ta wanke shi ba sa mayarwa.

Wayar ce ta fi ci mini rai. Shi kaɗai ke iya kira, ni ke biya, kuma ana naɗar duk abin da muka faɗa, shi ya sa lauya ya hana mu taɓa zancen ƙarar. Sai hirar gida, kullum yana tambayar jikin Inna. Ina zuba masa ɗan kuɗi a asusunsa ya sayi sabulu da taliya. Don Allah ku sa shi a addu'a.