Inji mai fulogi shida a gaban Golf mai fulogi huɗu

Duk bakaniken da ya daɗe a gareji ya san irin wannan kwastoma. Injin Golf 3 ɗinsa ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, an ce ya je Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, ya sayo na Beljiyam, sai ya dawo da sabuwar shawara: tunda dai canjawa za a yi, a ɗora masa VR6, babban inji mai fulogi shida, kowa ya huta. Hujjarsa ba ta wuce ɗaya ba, wai ai kamfanin Volkswagen da kansa ya fitar da Golf 3 mai wannan inji, kuma bodin iri ɗaya ne.

Gaskiya ne, bodin ɗaya ne. Injin ma yana shiga, domin an ƙera shi a tsuke: silinda shida jere biyu, kusurwar da ke tsakaninsu digiri 15 kacal, top ɗaya, wato kan inji, ya rufe su duka. Matsalar tana cikin lissafi. Injin 1.8 da yawancin motocin hayarmu ke ɗauke da shi ƙarfin doki 90 gare shi, VR6 mai lita 2.8 kuwa 174. Kusan ninki biyu ke nan, a kan giya da ƙafa (ƙarafan da ke riƙe tayoyi) da birkin da aka auna wa 90.

Abin da na fara koya wajen maigidana shi ne, a irin wannan aiki inji ne mai arha. Idan kwastoma ya fara lissafin kuɗin inji, sai ya ce masa, "Alhaji, ajiye wannan tukuna. Nawa ka ware wa birki?" Yawanci shiru ne amsar. Golf mai 1.8 birkin bayanta na ganga ne, tayarta noti huɗu. Mai VR6 faifai ne gaba da baya, na gaban ya fi faɗi, tayar noti biyar, ƙafar gaban ma daban aka yi mata. Ba don ado Jamusawa suka yi haka ba. Mutum ya ɗauko fasinja shida da buhunan masara a but, ya taka hanyar Kano zuwa Zariya da gudun da motar ba ta taɓa sani ba, sannan tirela ta tsaya masa a gaba. A nan ne faifan zai yi zafi, birkin ya yi laushi a ƙafa, yana takawa motar na ci gaba da tafiya. Ni dai wanda ya ƙi sayen ƙafa da birki, ba na karɓar aikinsa, ko da zai ce na cika tsada.

Giya ma haka. Giyabos ɗin 1.8 ba ya ɗauruwa a jikin VR6, dole sai nasa, shi kuma kulocinsa na mai ne, ba na waya ba, kuma da kebul ake sa masa giya maimakon sanda. Wato har cikin mota sai an taɓa feda da kan giya. Shaf ma sai nasa.

Sai zafi. A watan Afrilu a Kano ana haura digiri 40, ga cunkoso, ga inji ya cika gaban mota iska ba ta samun wurin wucewa. Ƙaramin lagireto ba zai iya ba. VR6 yana da wani ɗan famfon ruwa na lantarki da ke ci gaba da juya ruwa bayan an kashe mota, kuma sau da yawa masu haɗi suna yar da shi don ba su san amfaninsa ba. Sun cire tamostat, sun haɗa fanka kai tsaye, sun ce an gama. Bayan 'yan watanni gasket ya ƙone, a ce injin ne ba shi da kyau.

Akwai wata dabara da nake so. Kafin a rufe bonet a karon farko, sai a dunƙula laka kamar ƙwallon fura a ɗora a saman inji, a rufe a hankali, a buɗe. Kaurin da lakar ta rage shi ne tazarar da ke tsakanin inji da bonet. Idan ta baje kamar takarda, to duk lokacin da aka ba mota wuta inji ya girgiza, zai riƙa dukan ƙarfe. Haka ake leƙa ƙasa a duba kaskon baƙin mai, don nauyin sabon inji yana danne gaba idan ba a canja sifirin ba, kuma tudun rage gudu na unguwanninmu ba ya tausayin kowa.

Wayarin kuwa aikin mai wayarin ne, ba na shiga hurumin da ba nawa ba. Abin da na sani, injunan da suka zo daga wajajen 1995 suna da makullin tsaro: idan birenbos, wato kwamfutar inji, bai ga makullinsa ba, mota za ta tashi ta mutu nan take. Shi ya sa nake ce wa mai saye ya nemi rabin mota, wato gaban da aka yanko gaba ɗaya, da inji da giya da waya da birenbos da makulli da ƙafa. Sayen su ɗaya-ɗaya a kasuwa ya fi cin kuɗi, ga yawon neman soket ɗin da ya dace.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu neman babban inji sun ragu sosai, har wasu na dawowa a mayar musu da ƙarami. Wanda ya nace, ina tuna masa ya je a gyara lambar inji a takardun motarsa, don idan jami'i ya buɗe bonet a hanya ya ga ta saba da ta takarda, rasit ɗin Ƙofar Ruwa kaɗai ba lallai ya fitar da shi ba.